Wayar Auta Tana Aljihuna

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa a cikinta tun ina da gashi a ka, ruwan randar da ban taɓa sha na ce ya isa ba, uwar 'ya'yana, alƙaliyar da ban taɓa yin nasara a gabanta ba.

Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Na ɓatar da Auta.

Lokacin da takardar nan za ta shiga hannunki kin riga kin san yadda abin ya ƙare. Ni da nake rubuta ta ban sani ba. Ina zaune a kan bencin ƙarfe a tashar jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, ina rubutu a bayan taswirar da suke rabawa kyauta. Ki yi haƙuri da rubutun. Ko da hankalina a kwance, kin san a aji biyar ni da makaranta muka yi sallama.

Kin tuna aljihun da na ɗinka a cikin wandona kafin mu taso, mai zif biyu, wanda kika kalla kika ce Allah ya shirya tela? Yau da safe a masauki na tara yaran na ce kowa ya kawo wayarsa, birnin nan cike yake da 'yan yankan aljihu, musamman a wannan hutu na ƙarshen shekara da mutane suka yi yawa. Dogo ya ce, “Baba, ni fa shekarata ashirin da biyu.” Na ce ai ɓarawon ba zai tambaye shi ba. Auta ta ce, “To idan muka rabu fa?” Na bugi ƙirji na ce ina numfashi ba za mu rabu ba. Na zuba waya uku a aljihu ɗaya, na ja zif, na fito ina tafiya kamar agwagwa, ina jin duk birnin babu mai wayona.

Kuma wallahi da safe abin ya yi daɗi, zumata. Ke kin san Auta ce ta tsara komai a littafinta, wuraren da ba a biyan ko sisi: gidan tarihin da ɗalibai ke shiga kyauta, lambun da ke bakin ruwa, doguwar gadar da ake tsayawa a ga jiragen ruwa suna wucewa, titin manyan kantuna da aka yi wa ado, inda kallo kyauta ne matuƙar ba ka taɓa ba. Abu ɗaya ne nawa a cikin tsarin, tikitin iyali na yini guda. Takarda ɗaya ce ta mutum uku, ta fi arha nesa ba kusa ba, sai dai dole a riƙa tafiya tare. Ita ma tana aljihun. Guzurin kuɗin ma yana aljihun. Kin ga ke nan 'yarki tana wani wuri a cikin wannan ƙaton gari ba waya, ba tikiti, ba ko kuɗin ruwa, saboda ubanta ya iya ɗinki.

Bayan azahar muka sauko tashar nan za mu je tudun da ake hango gari gaba ɗaya. Mutane kamar tururuwa, kowa da ledojin sayayya. Na ji ƙarar rufe ƙofa, sai na ruga kamar wannan ne jirgin ƙarshe a duniya, alhali bayan minti huɗu wani zai zo. Dogo ya biyo ni. Auta ta tsaya ta ba wata mai keken jariri hanya, don tarbiyyarki ce a jikinta ba tawa ba. Ƙofa ta rufe. Na ga fuskarta ta cikin gilashi, ta ɗaga hannu, bakinta yana faɗin wani abu da ban ji ba, domin ina ta dukan gilashin ina kiran sunanta. Sai duhun rami ya haɗiye mu.

Muka sauka a tasha ta gaba. Dogo ya ce mu jira, na ce uban kirki ba ya jira, na ja shi muka hau na komawa. Muka dawo nan, ba ta nan. Sai da na laɓe a bayan ginshiƙi na sassauta wando kafin na ciro masa wayarsa. Ya kalle ni irin kallon da nake yi masa yana yaro idan ya fasa kofi, ya ce, “Baba, zauna nan. Ko wuta ce ta tashi kada ka motsa.” Ya tafi nemanta. Yau ɗana ya ajiye ni kamar kaya, kuma na zauna inda ya ajiye ni.

Awa biyu ke nan. Kowane jirgi ya tsaya sai na miƙe, in leƙa fuskokin da ke fitowa ɗaya bayan ɗaya. Sau uku ina ganin mayafi ruwan toka irin nata in bi shi da gudu, sai ya juyo da fuskar 'yar wani. Ina take, hasken gidana? Ta hau sama ta shiga titin da ba ta sani ba? Wani ya ga yarinya ita kaɗai ya ce zo in nuna miki hanya? Ta riƙe sunan masaukin da ka, ko shi ma yana cikin wayar da ke jikina? Ni da nake cika shago da dariya, yau na nemi abin dariya ɗaya in faɗa wa kaina, na rasa. Iskar da ke fitowa daga ramin nan kafin jirgi ya iso tana shiga har ƙashina.

Ga abin da ya fi komai. Wayarta tana ta rawa a cinyata. Na ciro na duba, an rubuta “Mamana”. Sau biyar kin kira. Sau biyar na zuba wa sunanki ido har ya mutu. Ni da muryarki ta fi mini ruwan sama na farko daɗi, ni da nake ƙirƙiro dalilin kiranki daga shago don kawai in ji kin ce “mene ne kuma”, yau muryarki nake tsoro fiye da komai. Me zan ce miki? Kin tsaya a bakin ƙofa da ciwon ƙafarki da ya hana ki biyo mu, kika ce biyu kika ba ni, biyu kike so.

Kin tuna shekarar farko ta aurenmu, da na ce zan kai ki yawon buɗe ido? Na ari keke, na goya ki har bakin shingen filin jirgin sama, muka tsaya a cikin ciyawa muna kallon jirage suna sauka. Ko lemo ban saya miki ba. Hadari ya taso, ruwa ya yi mana dukan tsiya, tayar keken ta sace, muka dawo a ƙafa. Ina jiran faɗa, sai kika fashe da dariya, kika riƙe gefen rigata har gida, kika ce kin ga duniya. Tun ranar na san na auri wadda ta fi ƙarfina. Shekara ashirin da huɗu kina yafe mini arhata da dabarata, kamar ƙasa da ke shanye duk abin da aka zuba mata ta mayar da shi tsiro. Amma ranar nan ke kaɗai na jiƙa. Yau abin da kika ɗauka wata tara na saka a caca. Idan wani abu ya same ta, da wane ido zan shigo gidan nan? Wace inuwa ce za ta sake karɓata?

Ya Allah ka dawo mini da ita. Na yi alkawari, tauraruwata, zan farke aljihun nan da hannuna. Zan daina cewa na sani a inda ban sani ba. Idan yara suka yi magana zan bari su kai aya.

Dakata. Ana magana a lasifika.

Na dawo, kuma ki yi hamdala. Sunana aka kira, cikakke, har da na mahaifina. Aka ce ana cigiyar wani dattijo mai hula ruwan ƙasa, yana ɗan ɗingishi ta ɓangaren dama, duk wanda ya gan shi ya taimaka ya raka shi ofishin tasha, 'yarsa tana nemansa. Ɗingishin na wayoyi ne, amma ban tsaya gyara musu ba. Wata mai shara ce ta kama hannuna ta kai ni.

Tana nan zaune a kujera, lafiya lau, har sun ba ta ruwa. Ashe abin da take faɗa ta gilashi shi ne mu tsaya a tasha ta gaba. Ta bi mu, ta tarar mun juya, ta je wajen ma'aikata ta yi bayani, suka riƙa raka ta suna cigiya tasha bayan tasha har aka iso kaina. An kira Dogo, yana hanya. Na zube a gabanta ina kuka a gaban mutane. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta share mini fuska da bakin mayafinta, sannan ta miƙa hannu, na ba ta wayarta.

Ta ga kiranki. Ta ce, “Ni ba zan faɗa wa Mama ba, Baba. Kai za ka faɗa.” Na nuna mata takardar nan, na ce ai ga shi duk na rubuta. Ta ce takarda sai ranar da muka koma, ita kuwa Mama yanzu take jira.

Na roƙi minti biyar in ƙarasa, ta ba ni uku. Duk hukuncin da kika yanke na karɓa, in dai a gidanki zan yi zamansa. Ga ta nan tsaye a kaina, yatsanta a kan sunanki.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a ɗinka mini rigar da ba ta da aljihu,

Baban yaranki.