Kwamfuta ta ce ba ni da izini

Baban yara,

Na wuce makaranta. Gara da ban jira ka dawo ba, don bakina ba zai yi daɗi ba.

Bayan fitarka mai gyara ya zo. Manhajar kallon ƙwallo kyauta ce ta shigo da cuta, ta ƙwace ikon kwamfutar gaba ɗaya. Ni da abata na koma baƙuwa. Ko tambayoyin jarrabawar ɗalibaina na taɓa, sai ta ce ba ni da izini.

Ya ce manhajar ba ta shiga sai da lambar sirri. Kai kaɗai na ba wa, ranar da ka ce takarda za ka buga.

A gabanka na wanke ƙanwata tas a kan wannan, har ta haɗa kayanta tana kuka. Kana ta kurɓar shayinka, har da cewa yaran zamani sai haƙuri!

Kada ka kunna ta. Ka kira yarinyar nan ka faɗa mata gaskiya da bakinka kafin in dawo.

Kwamfuta dai za ta gyaru. Shirun da ka yi ne ban san mai gyaransa ba.