Motar da Baba Ya Ƙera Ta Rasa Takarda

Yaya Mahamadu,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya aiki, ya zaman Yamai? Ya Yaya Hadiza da yara? Mu nan Gaya lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Motar nan da Baba ya daɗe yana ƙerawa a bayan gida, mai kama da wadda ya koyi tuƙi da ita, ta tashi. Ya ɗauke ni mu je Bengu gaida Gwaggo. Ko gari ba mu fita ba jandarmomi suka mayar da mu, wai mota ba lamba ba ta hawa kwalta.

Muka je neman kart giriz, takardar mallakar mota, aka ce sai da takardar duwan, wato kwastan. Mutanen duwan suka ce motar ba ta tsallako iyaka ba, me za su rubuta? Muka koma wurin masu kart giriz, aka tambayi kamfanin da ya ƙera ta. Baba ya ce, "Ni ne." Ma'aikacin ya ce, "Baba, wallahi ban san inda zan sa ka ba."

Ga idonsa kullum ƙara dushewa yake, likita ya ce tuƙi ya kusa ƙare masa. Yanzu sai ya tada ta, ya kai bakin ƙofa, ya dawo da baya. Na rasa wanda zan roƙa.

Ku sa mu a addu'a. Inna tana gaishe ku. Baba ya hana ni faɗa maka, wai so yake ka fito ka gan ta a ƙofar gidanka.

Ƙanwarka,
Zalika