Ƙarfen da ke idon sawuna, Baba bai sani ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana, don Allah shawara nake nema, abin ya fi ƙarfina.

Mahaifina mai ɗori ne a Mandawari, gadon gidanmu ne. Bara na faɗo daga babur, ƙashin idon sawuna ya farfashe. Baba ya ɗora da hannunsa, ya kwance ya sake ɗorawa, ƙafar sai kumbura take, har ta fara baƙi. Yayata da ke aure a Zariya ta ce masa za ta tafi da ni jinya gidanta, ashe asibiti ta nufa da ni. Da likita ya ga hoton, ya ce ƙashin ya goce daga gaɓa, sai an yi tiyata. Aka yi, aka sa min ƙarfe da kusoshi. Na dawo Kano ina takawa.

Ba mu gaya wa Baba ba. Shi kuwa duk wanda ya shigo zaure sai ya nuna ni, ya ce ga aikin hannunsa nan. Ni kullum da safa saboda tabon ɗinki, alwala ma a ɗaki nake yi.

To yanzu maƙwabcinmu, tela ne mai iyali, ya samu irin karayata. Asibiti sun ce tiyata, ya ƙi, aka kawo shi wajen Baba. Jiya na je dubiya, tun daga bakin ƙofa na ji ƙafar ta soma wari. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ganinka ne ya sa na ƙi yarda su yanka ni." Wallahi kasa kallon idonsa na yi, kawai na ce Allah ya sawwaƙe, na fito.

Na kira Yaya muka yi faɗa, ta ce in na tona, girman Baba zai zube a unguwa, ga shi da hawan jini. Na ce ƙafar bawan Allah fa, da ita yake taka keken ɗinki? Ta kashe waya.

Shin in cire safar a gaban Baba, in roƙe shi ya tura telan asibiti da bakinsa, ko in samu telan a ɓoye? Ku taimaka min yau, gobe da safe Baba zai sake ɗaure masa ƙafar.