Ƙoƙi-ƙoƙin da Ba Su da Suna

Yaya,

Assalamu alaikum. Shekara shida da wata huɗu ke nan rabona da gida. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, sai gajiya.

Har yanzu ina ɗakin binciken nan, ina ciyar da ƙoƙi-ƙoƙi da ƙudaje. Shugabarmu ta haɗa koraye da masu ruwan ƙasa aure, tana son ta gane ko jinsinsu ɗaya. Ranar da na wanke kwalaben 'ya'yansu sai na musanya murafen, alhali a jikin murfi ake rubuta iyayen kowa. 'Ya'ya arba'in, yanzu ba wanda ya san asalinsu.

Ba zan ɗauki alhakinta ba, ko faɗa ba ta yi min ba. Cewa kawai ta yi, "Marar suna ba shi da amfani, zuba su a firiza, sanyi ya kashe su."

Yaya, tun daga lokacin suka daina kallon ƙuda. Duk inda na gifta sai kawunansu su juyo tare, hannaye a naɗe.

Na zuba, amma ba duka ba. In aka gano, aikina ya tafi. Kada ki gaya wa Inna, ki dai ce ta sa ni a addu'a.

Bakwai na iya tsirarwa. Ga su nan a kan tagata, ba su ci komai ba, duk bakwai ɗin suna kallona ina rubutu.

Ƙaninki.