Rediyon Baba da Ƙwan Fitila

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taka?

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun rasuwar Baba, idan Inna ta tafi kasuwa nakan shiga shagonsa. Na goge babbar rediyon nan ta katako wadda ya ce zai tayar. Ina so in jona ta. Amma akwai wasu gwangwanaye biyu a cikinta, ban san ko lafiyarsu lau ba.

Ka huta lafiya.
'Yarka

*

'Yar ƙanena,

Ƙafa da sauƙi. Kul! Kada ki jona. Gwangwanayen nan su ne kondensa. Sun shekara da shekaru ba su ga wuta ba, in kika sakar musu ita gaba ɗaya fashewa za su yi, su ƙone taransifoma, kuma irinta ta ƙare a duniya. Majinyacin da ya daɗe bai ci ba, ruwa-ruwa ake fara ba shi. Ki bi da wutar ta cikin ƙwan fitila, yadda kika ga ubanki yana yi. Kaɗan-kaɗan kullum, har ƙwan ya dushe, alamar sun warke ke nan. Hannu ɗaya a baya, ko an kashe wutar, gwangwanayen suna cizo.

Ashe shiru-shirun nan naki ido ne.
Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Yaya ya kama ni a shagon. Bai yi faɗa ba, abin ya fi haka muni. Ya bi layi yana cewa, "Injiniyarmu ta tashi rediyon Baba!" Ya gayyato abokan Baba jibi, Inna har ta aro benci. Ƙwan kuwa bai dushe ba, gwangwani ɗaya yana ɗumi. Na ce a jira, ya ce, "Ke dai tsoro! Ni zan jona da hannuna." Amsarka ba za ta iso kafin nan ba.

'Yarka

*

Kawu,

Barka da war haka. Sun zo, shago ya cika. Yaya ya jona, ya murɗa, shiru. Tela, abokin Baba, ya ce, "Injiniya, ko kurma kika gyara mana?" Aka yi ta dariya. Inna ba ta yi ba, ta dai mayar da benci.

Tun da safe na cire fis ɗin rediyon don kada wuta ta shiga ta ƙone ta, yana ƙulle a bakin ɗankwalina. Na bar su a kan ban iya ba. Gobe zan ci gaba.

A gaida gida.
'Yarka