Hujin da Ke Jikin Liyarinki

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya kai haske kabarinki, autarki ce, Hadiza. Magana ce ta tsaya mini a wuya.

An zauna rabon gadonki. Gida da gonar rake ta Gazara ba su ba da wahala ba. Sarƙarki ce ta hana ruwa gudu, waccan ta tsofaffin kuɗin azurfa, liyari da fataka, wadda kike ratayawa ranar suna.

Malam mai rabon ya ce sai an yi mata ƙima kafin a raba. Yaya Sani ya ɗauko dillalin tsofaffin kuɗi daga Zariya. Mutumin ya riƙa juya su ɗaya bayan ɗaya yana tsaki. Wai masu tara irinsu ba sa son mai huji, da ba ki huda su ba da sun yi tsada. Yanzu nauyinsu ne kawai darajarsu, sai dai maƙeri ya narke su. "Lalatattu ne," in ji shi. A tsakar ɗakinki fa, Inna! Saura kaɗan in watsa masa ruwan buta.

Ina zai sani? Duk haihuwa, in kin gama wankan jego, sai ki sa a huda guda ki ƙara a zaren. Har da na waɗanda suka koma. Ba ki taɓa ambatar sunansu ba, kunyarki ta Fulani ba ta bari. Amma na sha ganinki kina murza na farkon da yatsa, har rubutun jikinsa ya shafe. Shi ne kuwa wanda dillalin ya fi rainawa.

Yaya ba mugu ba ne, taki yake nema kafin ruwa ya sauka. Ya ce ranar kasuwar Makarfi zai kai ta maƙera. Na yi kuka, ya ce, "Hadiza, ai kuka ba ya noma gona."

Kin sha ce mini, "Auta, bakinki ya fi ƙafarki sauri." Haka kuwa aka yi. A gaban Malam na ce Yaya ya ɗauki rabona na gonar, ya bar mini sarƙar. Ko numfashi bai ja ba ya ce ya yarda. Saurin nan ya yi mini ciwo.

Ga ta a hannuna. Amma Baban Amina bai sani ba. Tun bara maigidan nawa yake maganar raken da zai dasa a gonar nan, don karatun yara. Yau zan koma Kudan in faɗa masa. Tsoro nake ji, Inna, ban san ta inda zan fara ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya kuma sanyaya zuciyar mutumin nan kafin in isa.

Taki har kullum,
Hadiza