Kwalliyar da Muka Yi wa Yaran Salama

Ƙarfi, ta Malumfashi.

Zuwa ga yayana Enoch,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji, da fatan kai da iyali kuna lafiya a can Fatakwal. Allah ya ƙara maka ƙarfin aiki, ya tsare ku. Mu nan alhamdu lillahi, masara ta fara goyo, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi har tana zuwa sujada da kanta. Sai dai Yaya, da baƙin ciki nake rubuto maka, domin abin da Maiwada ɗan Kawu ya yi mana ya tsaya mini a wuya.

Ka san tun da 'yan bindiga suka ƙona ƙauyen su Salama suka kashe mijinta, ita da sauran matan suna zaune a ajujuwan bayan coci da 'ya'yansu. Ƙaramarta, Angela, tamowa ta kama ta, gashi ya yi ja, ƙafafu sun kumbura. Kai ne ka haɗa mu da ƙungiyar nan mai tallafa wa yara, ka kuma ce Maiwada ya yi musu jagora tunda ɗan gida ne. Da suka sa rana, ya zo har tsakar gidanmu ya ce manyan baƙi ne daga nesa, kada mu kunyata gari, a gyara yaran sosai. To, wa zai tari baƙo da dauɗa? Mu matan zumuntar coci muka bi gida-gida muna aron kaya. Muka yi musu wanka, muka shafe su da mai, aka yi kitso, aka sa kwalli. Angela ma doguwar riga na sa mata da safa, da hannuna na rufe kumburin nan don kada a ce ba a kula da ita.

Baƙin suka zo a gurguje, hadari ya taso, suna tsoron hanya. Suka leƙa, suka ga yara fes-fes, suka yaba mana, suka ce wai waɗannan sun samu masu riƙonsu. Sai Maiwada ya ja su unguwarsu. Ashe tun safe ya sa an tuɓe wa yaran can takalma, an bar su da tsumma da ƙura, har da nasa guda biyu da ka san ba su taɓa kwana da yunwa ba! Can aka sauke shinkafa da barguna da abincin masu tamowa. Da na tare shi, ko kunya babu, ya ce wai ni na cika son burga, shi gyara kawai ya ce. Wallahi Yaya, na yi kuka. Ɓarayin daji ba su san sunanmu ba, amma wannan a kwano ɗaya muka ci tuwo.

An ce ƙungiyar za ta dawo bayan girbi, ni kuwa ban ga alamar Angela za ta kai ba. Don Allah ka kira su da kanka, ka faɗa musu gaskiya, su aiko ko da abincin yarinyar ne. Jiya na kai ruwan ɗumi zan yi mata wanka, Salama ta riƙe hannuna, ta ce in bar ta haka da dauɗarta, ko baƙin za su zo ba zato.

Ka gaishe da Anti Rashida da Mark da Luke. Inna tana sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Dorkas